Tambaya da Amsa: Seamus Heaney, Ɗan Manomin da Ya Riƙi Alƙalami

Tambaya: Malam, ana kiran Seamus Heaney babban mawaƙin Ailan, amma na karanta cewa a yankin da Birtaniya ke mulki aka haife shi. Ɗan wace ƙasa ne, kuma me ya ɗaukaka shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, abin da kika karanta gaskiya ne. An haifi Heaney (ana furta sunan Sheimas Hini) a 1939 a wata gona mai suna Mossbawn, a gundumar Derry ta Ailan ta Arewa, kuma shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara na wani manomi mai fataucin shanu. Iyalinsu Katolika ne, masu ɗaukar kansu 'yan Ailan duk da mulkin Birtaniya. A 1972, lokacin da rikicin yankin tsakanin masu son zama ƙarƙashin Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan ya yi tsanani, ya koma Jamhuriyar Ailan da zama, kuma da aka sa waƙoƙinsa cikin wani kundin mawaƙan Birtaniya, sai ya mayar da martani a 1983, cikin waƙa da raha, cewa fasfonsa kore ne, wato na Ailan.

A ganina gonar nan ce ta ɗaukaka shi. Waƙar da ta buɗe littafinsa na 1966 tana nuna shi zaune bakin taga da alƙalami, yana jin ƙarar shebur ɗin mahaifinsa a ƙasa, yana tuna yadda tsohon ke haƙar dankalin Turawa da yadda kakansa ke yanko ƙasar fadama da ake busarwa a hura wuta. Daga nan ya ƙudurta cewa shi da alƙalami zai yi tasa haƙar. Wata waƙar kuma ta ƙaninsa ce, wanda mota ta kaɗe yana ƙaramin yaro, aka ɗauko Heaney daga makarantar kwana domin jana'iza.

Wasu sun zarge shi da ƙin fitowa fili ya goyi bayan mutanensa, ni kuwa ina ganin ƙin zama kakakin masu ɗauke da makamai ya yi. Ya koyar a jami'o'in Harvard da Oxford, ya kuma samu kyautar Nobel ta adabi a 1995. Ya rasu a Dublin a watan Agustan 2013, jim kaɗan bayan ya tura wa matarsa saƙon waya na kalmomi biyu da Latin, yana ce mata kada ta ji tsoro. An binne shi a Bellaghy, kusa da inda ya tashi.