Ga ƙanwar da ke son koyon kwalliya daga tushe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki: kin ce ba ki taɓa wuce hoda da kwalli ba, ga bikin ƙawarki ya matso, kayan da kike gani ana jerawa a bidiyo sun fi ƙarfin aljihunki, sannan ke fuskar amare mai nauyin nan ma ba ta burge ki, ko hakan ƙauyanci ne? Bari in fara da wannan na ƙarshen, don shi ya sa na ajiye aikina na zauna rubutu.

Ba ƙauyanci ba ne ko kaɗan. Shekara 9 ke nan ina yi wa mata kwalliya a Kano, kuma wadda ta fi ba ni wahala ita ce wadda za ta miƙo mini waya ta ce "irin wannan nake so", alhali ita da mai hoton ba su haɗa komai ba, daga goshi har haɓa. Kakata, Allah ya jiƙanta, tandun kwallinta da katambiri su ne kayan aikinta. Ɗigo uku take yi a kunci, ta ci goro da fure haƙora su yi ja, kuma ko a duhu aka ce ga kwalliyar wance, an san tata ce. Dubi samarin Fulanin Wodaabe a bikin Gerewol can wajen Ingal a Nijar: jar ƙasa da rawaya a fuska, baƙi a leɓe don farin haƙori ya fito, kowa da zanensa. Mu ne muka zo muka mayar da abin kamar yunifom, duk amaren gari gira ɗaya, hanci ɗaya.

To ga kaya. Kar ki sayi jaka guda. Man shafawa marar maiƙo, hoda, jagira ruwan ƙasa, konsila ɗaya (abin ɓoye tabo da duhun ƙasan ido), jan baki ɗaya da man leɓe. Fandeshan, wato shafin nan mai kalar fata da ake rufe fuska duka da shi, ki bar shi sai hannunki ya faɗa, in ba kina da tabon kuraje da yawa ba.

In kuwa za ki saya, a nan nake so ki nutsu, don nan na sha kunya. Farkon da na saya, mai shagon ya ce in ɗauki wanda ya fi fatata haske, wai zai "fito da ni". Na shafa na tafi kamu ina taƙama. Da hotuna suka fito, fuska toka-toka, wuya baƙi, gwaggona ta kalla ta ce, "Ke kuma buhun fulawar wa kika faɗa?" Har yau in an taru sai an tuna mini. Yadda ake gwadawa: ba a bayan hannu ba, a gefen muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya. Ki ja layi uku na kala uku da suke kusa da juna, ki fita daga hasken shago ki tsaya a hasken rana da madubi, ki jira kamar minti 10, saboda wasu suna ƙara duhu bayan sun sha iska. Wanda ya ɓace a fatarki, kika neme shi kika rasa, shi ne naki. Ki lura kuma, baƙaƙe biyu ba lallai su yi kala ɗaya ba: wata fatarta tana da ja-ja a ƙasa, wata rawaya-rawaya. Kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara don fatarmu suke haɗa kayansu, ba sai kin wahalar da kanki neman na waje ba.

Shafawar kanta ba ta da wani sirri. Ki wanke fuska, ki shafa mai, ki ba shi minti biyar ya shiga. Konsila ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin ido da kan tabo, ki danna da yatsa ko jiƙaƙƙen soso, dannawa ba gogawa ba. Hoda a goshi, karan hanci da haɓa, inda maiƙo ke tsattsafowa. Sai leɓe. In leɓenki yana da duhu, ki zagaye shi da jagirar nan ruwan ƙasa kafin jan baki, zai zauna ya yi kyau.

Gira ce ke tona asirin sabon hannu. Kar ki ja layi ɗaya baƙi ƙirin daga farko zuwa ƙarshe. Ki taje gashin sama da ɗan buroshi, ki cike inda ya yi gibi da ƙananan zane kamar gashi, farkon girar ya fi wutsiyar haske. Kuma ba sai kin aske ko kin tsige ba. Da yawa cikin masu zuwa wurina ba sa yarda a taɓa musu gira saboda hadisin da ya hana, ni ma ba na yi. Ɗan konsila a ƙasan girar da siririn buroshi ya isa ya fito da siffarta. Ki yi ta gwaji da daddare in kin gama aiki, ki yi ki goge. Kwana bakwai a jere za ki ga bambanci. Ranar bikin ba ranar koyo ba ce.

Yanayi ma yana da ta cewa. Daga Maris zuwa Mayu, zafin nan namu yana narkar da duk abin da aka lafta, don haka kaɗan ya fi. In kin yi gumi ki danna tishu, kar ki ƙara hoda a kan gumi, dambu za ta yi. Da hunturu kuma akasin haka ne: ki ƙara mai, ki rage hoda, man kaɗanya a leɓe kafin barci.

Sai maganar alwala, wadda masu bidiyon waje ba su san da ita ba. Duk abin da aka rubuta ruwa ba ya wanke shi, to ki ɗauka zai iya tare ruwa daga fata. Ni dai abin da nake gaya wa amarena shi ne su yi alwala kafin mu fara, in ta karye a goge a sake. Wannan ma wani dalili ne na kwalliya marar nauyi, minti biyar kin mayar da abinki.

Jabu ya cika kasuwa, musamman na sunayen da suka yi tashe. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani a jikin kwalba da aka rubuta 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe. Maskara, ta shafa wa gashin ido, wata uku ne, kuma ba a aronta, ba a aron kwalli; ciwon ido nan yake yawo a ɗakin amarya. Soso da buroshi a wanke duk mako. Kar wani ya haɗa miki da man bilicin a cinikin, na ga fatar da ya yi wa illa, hoda ma ba ta zama a kanta.

Kwallin dutse ina da magana a kansa, ko da wasu za su ji haushina. Wani daga cikinsa mafi yawansa dalma ce. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri, da aka bincika sai ga shi daga kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa ba. Ki nemi na kamfani mai rajista, jarirai kuwa a bar musu idonsu. Haka baƙin lallen nan mai kamawa nan take, sinadarin rinin gashi ake zuba masa, yana tayar wa wasu ƙuraje kamar ƙuna. 

Ki faɗo mana kalar ankon da kuka fitar, da ko bikin na rana ne ko na dare, sai in gaya miki jan bakin da zai hau.