Ƙarar da Ke Fitowa Idan An Taka Totur

Ɗana, ka tambaye ni game da Corolla ƙirar 2006 da aka kawo mana, wadda mai ita ya ce idan ya taka totur, musamman a hawa, yana jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, amma idan motar tana tsaye tana silo ba ya jin komai. Ka ce zuciyarka ta fi kwanciya da cewa mital ne ya ci, wato siraran ƙarafan da kiranshaf yake juyawa a cikinsu a ƙasan injin, kana neman izinin kwance kaskon baƙin mai ka duba. Ban yarda ka ɗora sifana a kan injin nan ba tukuna, domin bayanin mai motar ya fi karkata ga wani ciwo dabam, kuma lokacin da ƙara take fitowa ya fi gaya maka gaskiya fiye da yadda take a kunne.

Ka fara da gwaji a kan hanya bayan injin ya ɗauki zafinsa sosai. Idan motar mai giyar hannu ce, ka sa ta a giya ta 4 tana tafiyar kilomita 40 a awa, ka danna totur, ka kasa kunne. Da zarar ƙarar ta fito, ka sauko giya ta 3 ka sake dannawa. Idan ta ɓace, ko kuma ta ɗauke nan take da ka ɗaga ƙafa, to ba wani ƙarfe ne ya kwance ba, wutar da ke cikin silinda ce take tashi ba bisa ƙa'ida ba. Mai giyar atomatik takan sauya giya da kanta idan an danna da ƙarfi, saboda haka sai ka nemi hawa, ka kunna na'urar sanyi don a ƙara wa injin nauyi, ka riƙa dannawa a hankali.

Ina so ka fahimci abin da ke faruwa a ciki, don wanda bai fahimce shi ba zai yi ta canza kaya ne kawai. A ƙa'ida, fulogi yana kyasta wuta, ita kuma tana cin cakuɗen fetur da iska daga bakin fulogi zuwa bangon silinda, tana tura fistin ƙasa da turi ɗaya mai kyau. Idan zafi da matsi suka wuce abin da fetur zai iya jurewa, ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, kuma bugun wannan fashewar a jikin silinda shi ne tsakuwar da mai motar yake ji. Nauyin hawa da giya babba su ne suke kai matsin ƙololuwa, shi ya sa ba a jin ta a silo. Kada ka raina ta don siririya ce. Idan aka daɗe ana tafiya da ita tana iya karya gurbin ringi a jikin fistin, ta ƙona gasket, ta kuma gajiyar da mital ɗin da kake tsoro tun farko.

Idan gwajin ya tabbatar da haka, tambayarka ta farko ga mai motar ita ce inda ya sha mai na ƙarshe, da kuma ko ƙarar ta soma ne bayan nan. Wannan injin yana bukatar fetur mai lambar oktan 91 ko sama da haka, wato ma'aunin yadda fetur yake jure matsi, kuma wanda aka gauraya da kalanzir, kamar yadda akan samu a wasu galan-galan na bakin titi, ba ya jure matsi. Ka ɗebi kaɗan ka shaƙa, ka ɗiga a kan farar takarda. Fetur mai kyau yana bushewa da sauri, gaurayayye kuwa yakan bar tabon maiƙo. Sau da yawa zubar da man tanki da zuba sabo daga gidan mai shi ne dukkan gyaran.

Idan man lafiya lau ne, sai ka koma kan zafi. Ka duba ruwan lagireto bayan injin ya huce, ka tabbata fanka tana tashi a kan lokaci, kuma laka da ƙura ba su toshe fuskar lagireton ba. Bayan nan ka ciro fulogai huɗun ka jera su yadda suke a injin. Fulogin da bakinsa ya yi fari fat yana nuna fetur ya yi wa iska kaɗan, kuma irin wannan wutar tana tashi da zafi; dalilin yakan zama famfon mai da ya gaji, ko nozul da suka toshe, ko tiyo da ya tsage yana shigar da iskar da ba a auna ba, ko sensar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Idan ka jona na'urar gwaji ka ga lambar P0171, wadda take nuna fetur ya yi wa iska kaɗan, wannan hanyar za ka bi. Ka duba lambar fulogin ma, domin wanda ba na injin ba yana iya riƙe zafi fiye da kima. Idan kuwa motar tana shan baƙin mai, to akwai yiwuwar gawayi ya taru a kan fistin, yana ƙara matsi yana kuma riƙe zafi.

A jikin bulok ɗin wannan injin akwai sensar da aikinta shi ne jin wannan bugun, ta sanar da ƙwaƙwalwar motar don ta jinkirta wuta. Saboda haka idan har kunnenka yana jin ƙarar sosai, ko dai matsalar ta fi ƙarfin abin da ƙwaƙwalwar za ta iya gyarawa, ko kuma sensar ba ta ɗaure da kyau ba. P0325 yana nuna laifi a sensar ko wayarta. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 ba su da wannan gata, delko, wato na'urar da take raba wa fulogai wuta, ake juyawa da hannu. Ina ɗan shekarunka na taɓa sauke injin 504 ɗungurungum a kan irin wannan ƙarar, na tarar da mital lafiya ƙalau, ashe wani ne ya juya delkon wuta ta yi gaba da yawa. Kuɗin gasket da kwana 3 da mai motar ya rasa har yau suna damuna.

To, idan ƙarar tana fitowa ko da motar tana tsaye ana ba ta wuta, lissafi ya canza. Ka jira salansa ta huce, ka bubbuga ta da dunƙulen hannu daga gaba zuwa baya. Faifan kare zafi da ƙusarsa ta ruɓe yana karkarwa kamar kwanon rufi, indomi kuma, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, idan ya farfashe yana kaɗawa a cikin tulunsa. Sarƙar tayimin da ta saki an fi jin ta a gaban injin, musamman a tashin safe.

Ƙarar mital ba ta kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bugu ne mai nauyi daga ƙasan injin, yana ƙaruwa tare da gudun injin, kuma sau da yawa fitilar baƙin mai takan yi ƙyafta-ƙyafta a silo idan injin ya yi zafi. Ka riƙa cire wayar nozul ɗaya bayan ɗaya. Silindar da bugun ya ragu a kanta ita ce mai ciwon. Idan ka ga haka, ko ka ga ƙyallin garin ƙarfe a cikin baƙin mai, ka kashe injin nan take ka kira ni, a lokacin ne za mu kwance kasko. Kada kuma ka yarda a zuba mai mai kauri don a danne ƙarar, domin kiranshaf ne zai biya.

Gobe da safe ka ɗauki mai motar ku fita tare, shi ya tuƙa a hanyar da ya saba jin ƙarar, kai kana saurare. Kafin mu gama binciken, ka roƙe shi ya riƙa saukowa giya a hawa, kuma ya ɗaga ƙafa duk lokacin da ya ji ta.