Kada ka ɗora kilifa a jikin haski

Yaro, ka ce mutumin da ya kawo karensa haski, mai gashin nan ɗan asalin Sibiriya, daga Abuja yana so a aske masa gashi tas saboda zafi, kana tambaya ko ka kunna kilifa. Mayar da ita aljihun tebur tukuna, ka zo ka duba wani abu.

Sa yatsunka a bayan wuyansa ka buɗa gashin. Ka ga hawa biyu ne? Na sama dogo ne mai ɗan tauri, shi ke tare rana da ruwa da cizon ƙwari. Na ƙasa kuma laushi kamar audugar rimi, shi ke riƙe iska kusa da fata. Idan ka aske duka, ka miƙa wa rana fatar da ba ta taɓa ganinta ba. In gashin ya tashi dawowa na ƙasan ne ke riga fitowa, ya cukurkuɗe ya toshe iska, wani wurin ma ya zauna faci-faci. Kuma kare ba ta fata yake fitar da zafi kamar mu ba, da haki yake yi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. To askin me ya rage masa?

Abin da ke dafa shi mataccen gashin ƙasa ne da ya maƙale. Haski yakan zubar da shi gaba ɗaya kamar sau biyu a shekara, a ƙasarmu kuwa kusan kullum yana ɗan zubarwa. Ka ɗauki matajin ƙarfe mai dogayen haƙora, ka bi kwanciyar gashin daga wuya zuwa gindin wutsiya, ka daɗe a cinyoyi da ƙirji, nan ne yake taruwa. Sau biyu a mako ya isa, amma lokacin zuba kullum ne, minti 15. Za ka cika leda, kada ka tsorata. Wanka sai ya yi datti sosai, kuma ka busar da shi har ƙasan gashin, don danshin da ya kwana ciki shi ke kawo gyambo, musamman da damina.

Karen nan mutanen Cukci na arewa maso gabashin Sibiriya ne suka raine shi don jan kaya a kan ƙanƙara. A 1925 irinsa na cikin karnukan da suka kai maganin mashaƙo garin Nom na Alaska. Jikin gudu ne da shi, kilo 20 zuwa 27 namiji, 16 zuwa 23 mace. Mu a nan Jos, tudun da muke kai ya kusa mita 1,200, da hunturu har wasa za ka ga yana yi da asuba. Abuja kuwa a watan Maris da Afrilu wata magana ce daban. Ka gaya wa mai shi: yawo bayan sallar asuba da bayan magariba, jimilla kamar awa ɗaya, da rana ko ƙofa kada ya fita. Kafin su taka kwalta ya ɗora bayan hannunsa a kai, in bai iya jure daƙiƙa 7 ba, tafin karen ma ba zai jure ba. Makwancinsa tayil ko siminti a inuwa, da fanka, da kwanon ruwa biyu ko zai kifar da ɗaya. Kejin da aka rufa da kwano ba silin tanderu ne.

Ka san alamar zafi ya kama shi. Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 zuwa 39 ne da 'yan kai. In ka ga haki ya ƙi tsayawa, harshe ya yi jajir ya faɗaɗa, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, to ya haura 40. Ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya da ciki da tsakanin cinyoyi, ka kunna fanka a kansa. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, zafin yake riƙewa. Daga nan sai wurin likitan dabbobi ko da ya miƙe, saboda ƙoda kan taɓu ba a sani ba.

Wannan gashin kuma maɓoyar kaska ce. Duk dawowa yawo ka shafa bayan kunne, hammata da tsakanin yatsu. Ka ɗaga leɓensa: dasashi ya kamata ya zama ja-ja, in ya yi fari kuma ya ƙi abinci, ka zargi zazzaɓin kaska. Ka nemi katin rigakafinsa ma, allurar farko daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har mako 16, ta ciwon hauka a wata 3 sannan duk shekara. Mu da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke gefenmu ba mu da uzuri a kan wannan.

Ba shi da ci sosai, busasshen abinci kamar giram 250 zuwa 300 a rana, a raba biyu. Ban da ragowar miya mai albasa, tana lalata masa jini, ban da ƙashin kaza dafaffe.

Sai abu ɗaya da za ka faɗa masa ko bai tambaya ba, tunda yawancin mutanenmu gadi ke sa su ajiye kare. Haski ba ya gadi. Baƙo ya shigo, kaɗa masa wutsiya zai yi, kuma kukan dare ya fi yi a kan haushi. Kajin maƙwabta kuwa ba ya raga musu. Katanga ta kai ƙafa 6, a zuba siminti a gindinta don yana haƙa, kuma kada a kwance masa igiya a titi, in ya sheƙa kira ba ya dawo da shi.

Ɗauko matajin, ka fara daga wuya ina kallo.