Kafin ka zo Amurka da niyyar zama majefin besbol

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce shekarunka 17, kana ajin ƙarshe a sakandare, masu koya muku besbol suna yaba hannunka wajen jifa, kuma wani ya ce in aka biya shi zai samo maka gwaji a wata ƙungiya a nan Amurka. Kana tambaya ko ka bi shi ko ka nemi makaranta.

Mutumin nan kada ka ba shi ko kobo. Ƙungiyoyin MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, ba sa sayar da gwaji, su ne ma ke biyan ma'aikatan da ke yawon neman yara masu hannu. Wakili na gaskiya kuwa sai an sa hannu a kwantiragi yake cire kasonsa.

Ƙofa biyu ce. Wanda ke zaune a wajen Amurka, Kanada da Puerto Rico ana iya ɗaukarsa kai tsaye tun yana ɗan shekara 16, ana kuma buɗe kakar ɗauka ranar 15 ga Janairu. Sai dai idon masu ɗauka yana kan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. A Afirka, Yuganda ma ta fara samun shiga, inda ƙungiyar Dodgers ke da makarantar horar da yara. Ƙofa ta biyu karatu ce: ka shigo da bizar ɗalibi F-1, ka yi wa kwaleji wasa, sunanka ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Yuli, mai zagaye 20. Ɗan kwalejin shekara biyu ana iya zaɓarsa bayan shekara ɗaya. Ɗan jami'ar shekara huɗu sai ya gama aji uku ko ya cika 21. Ƙofar karatun nake zaɓa maka, don in hannu ya ƙi, takarda tana nan. Dokokin biza suna yawan sauyawa, ka duba shafin ofishin jakadanci kafin a kashe kuɗi.

Sa hannu kuma ba isowa ba ne. Ƙungiyoyin MLB 30 ne, kowacce da ƙananan ƙungiyoyinta hawa-hawa: Single-A, High-A, Double-A, Triple-A, ƙarƙashinsu kuma akwai gasar 'yan koyo. Bisa yarjejeniyar 2023, mafi ƙarancin albashi a wancan lokacin a Single-A dala 26,200 ne a shekara, a Triple-A dala 35,800, kafin haraji, ƙungiya kuma tana ba da masauki. In ka juya shi zuwa naira zai yi maka kama da dukiya, amma a nan lallaɓawa ake yi da shi. A babbar gasa mafi ƙarancin albashi a 2025 dala 760,000 ne, sai dai ana lissafa shi ne da kwanakin da mutum ya yi a sama.

A nan ne majefi ya fi kowa shan yawo. Kowace ƙungiya tana da jerin mutum 40, cikinsu 26 ne ke wasa, majefa kuma ba sa wuce 13. Wasa 162 ake yi a kaka, kusan kullum, hannuwa na gajiya. Majefin da ke shigowa tsakiyar wasa zai yi jifa mai kyau yau da dare, ya fitar da masu bugun ƙwallo shida, yana cire takalmi a ɗakin sauya kaya a ce masa manaja na kira. Ba laifi ya yi ba. Gobe hannunsa ba zai jefu ba, ana son mai sabon hannu, don haka da asuba yana filin jirgi da jakarsa zai koma Triple-A, kuma sai ya yi kwana 15 a can kafin a iya dawo da shi, in ba wani ne ya ji rauni ba. Shekara uku ƙungiya ke da ikon yi masa haka, har sau biyar a kaka guda.

Idan shekarun nan uku suka ƙare, ba a iya saukar da shi sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi. Akwai kuma abin da suke kira DFA: a cire sunanka daga jerin 40, cikin kwana bakwai a yi musayarka, ko wata ƙungiya ta ɗauke ka, ko a tura ka ƙasa, ko a sallame ka. Ba a neman shawararka. 'Yancin zaɓen ƙungiya da kanka sai bayan shekara shida a babbar gasa, kwana 172 ne kuma ake ƙirgawa shekara ɗaya. Ga baƙo akwai ƙarin nauyi: bizar P-1 ƙungiya ce ke nema maka, ranar da ta sallame ka dalilin zamanka ya tafi tare da aikin.

Dubi Tayler Scott, haifaffen Johannesburg. Ya zo sakandare a jihar Arizona, Chicago Cubs suka zaɓe shi a 2011. Aka sallame shi bai taka babbar gasa ba, ya koma wasa a gasa mai zaman kanta har wata ƙungiya ta sake ganinsa. Sai 2019 ya fara jifa a MLB da Seattle, shekara takwas bayan zaɓensa. A shekarar ya koma Baltimore, sai Hiroshima a Japan, sai San Diego, a 2023 kaɗai ya sa rigar ƙungiya uku, kafin ya sami kaka mai kyau da Houston a 2024.

Tafiya Asiya ba faɗuwa ba ce. Merrill Kelly ya maƙale a ƙananan ƙungiyoyin Tampa Bay, ya tafi Koriya ta Kudu daga 2015 zuwa 2018, ya dawo Arizona yana da shekara 30, har ya yi jifa a wasan ƙarshe na gasa a 2023. Amma gurbin baƙi a can ƙididdigagge ne, akasari wanda ya kai Triple-A ko MLB suke ɗauka, in bai taɓuka ba kuma a maye gurbinsa tsakiyar kaka.

Sai gwiwar hannu. Akwai wata 'yar jijiya a cikinta da ke ɗaukar ƙarfin kowane jifa, in ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, wadda aka fara yi a 1974, jinyarta kuma shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Jifa kan gajiya da jifa duk shekara ba hutu su ne manyan masu jawo ta. In ka ji zafi a gefen gwiwar na ciki, ka ajiye ƙwallo ka ga likita.

Abin yi yanzu shi ne bidiyo. Auna tazarar mita 18.44 daidai, wato nisan wurin jifa zuwa wurin mai bugun ƙwallo. A ɗauke ka ta baya da ta gefe, jifa 15 zuwa 20 ba yankewa, na'urar auna gudu tana bayyane a hoton. Matsakaicin jifa mai sauri a MLB kusan mil 94 ne a sa'a, wato kilomita 151, amma kai ka rubuta ainihin abin da na'urar ta nuna, don za a sake auna ka. Ka haɗa da tsawonka, nauyinka, hannun da kake jifa da shi da sakamakon jarrabawarka, ka aika wa kocin majefa na kwalejojin shekara biyu kai tsaye, ta adireshin da ke shafin makarantar.