Tambayi Likitan Dabbobi: Kuɗin jinyar tsohon karenmu ya fi ƙarfina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya rasu ya bar mana kare mai suna Zaki, ruwa-biyu ne, uwarsa ta gida, ubansa irin na 'yan sandan nan. Yanzu shekararsa 11. Tun yana kwikwiyo yake gadin gidan nan, ko allura ba a taɓa ɗauke mana ba. Tun farkon damina ya fara ramewa, idan ya kwanta da ƙyar yake tashi, ƙafafun baya na rawa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Maigadinmu ya kawo wani ya yi masa allurai har sau biyu, ni kuma ina ba shi maganin ciwon gwiwata a cikin tuwo. Kuɗi sun tafi, babu sauƙi. Da na kai shi wani asibitin kuɗi sai suka ce sai an yi gwajin jini da na fitsari da hoto, kuɗin gwajin kaɗai ya kusa rabin fanshona na wata, ba a ma zo maganar magani ba. 'Ya'yana sun ce a kai shi bayan gari a sake shi. Zuciyata ta ƙi. Likita, me ya sa jinyar kare ta yi tsada haka, kuma yaya zan yi?

Daga wata Hajiya, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta. Kafin mu shiga maganar kuɗi, don Allah ki dakatar da maganin gwiwar nan daga yau. Idan irin su ibuprofen ne ko diclofenac, jikin kare ba ya fitar da su yadda na mutum ke yi. Suna ƙwarzane masa ciki har ya riƙa kashi baƙi, kuma suna lalata ƙoda. Karen da ke yawan shan ruwa dama ƙodar muke fara zargi, to kin ga an taɓa inda ke ciwo. Ki ɗauki kwalin maganin ki tafi da shi asibiti, ki kuma sa maigadi ya tambayo sunan alluran da aka yi. Na fi jin tsoron a ce allurar sammore ce ta shanu, wato diminazene, wadda aka fi sani da Berenil. Tana kashe ƙwayar cutar da kaska ke sa wa kare, gaskiya ne, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Idan aka zarce ko aka maimaita kurkusa, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kare ya sanƙare, kuma ba kasafai ake dawo da shi ba.

Tsadar kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye miki ba. Kusan duk abin da muke aiki da shi a kan kare daga waje ake shigo da shi: sinadaran gwaji, allurar barci ta tiyata, zaren ɗinki, maganin kaska mai inganci. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ga man janareta, domin firjin da ke riƙe alluran rigakafi ba ya jiran a kawo wuta. Galibi kuma babu wani tallafi ko inshora da ke ɗauke wa mai kare ko sisi a nan. Kowane kwabo daga aljihunsa yake fita. Sannan maganin kare da nauyinsa ake auna shi, saboda haka mai kilo 30 irin Zaki zai ci ninki uku na abin da ɗan ƙaramin kare mai kilo 10 zai ci. Manyan karnuka kuma su suka fi saurin tsufa. Irin ubansa sukan yi shekara 9 zuwa 13, kuma sun yi suna wajen ciwon ƙugu.

Amma inda nake so ki tsaya ki duba shi ne, kuɗin da ya fi tafiya a banza ba na gwaji ba ne, na cinke ne. Ki lissafa abin da aka biya mai allura sau biyu, da na ƙwayoyi, da na mota. Mai ba da magani ba tare da sanin ciwo ba zuba ruwa yake a kwando. Abin da ya kamata ki yi shi ne ki koma wurin likita ki faɗa masa adadin da za ki iya kashewa, baki da baki, ba kunya. Mu likitoci mukan rubuto duk gwajin da littafi ya ce a yi, domin ba mu san aljihun mutum ba. Idan kika ce ga iyakar ƙarfina, likitan kirki zai jera miki su bisa muhimmanci. Kan kowane gwaji ki tambaye shi: idan sakamakon ya fito, zai canja maganin da za ka bayar? Idan amsar a'a ce, wannan gwajin zai iya jira.

Da ni ce Zaki ke gabana, hoton ƙashi zan ajiye a ƙarshe. Ciwon gaɓɓai a tsohon kare hannu ma yana gane shi, idan aka miƙe ƙafar baya aka ji yadda yake noƙewa. Zan fara da ɗigon jini a kan gilashi a duba ƙwayoyin cutar kaska, da auna yawan jininsa, sai fitsari, sai gwajin ƙoda. Waɗannan su ne masu sauƙin kuɗi, kuma su za su raba mana hanya.

Akwai ma abin da za ki duba a gida kyauta. Ki ɗaga leɓensa na sama da rana tsaka ki kalli dasashi. Na lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, da danshi. Idan kika ga ya yi fari fat ko ya yi ruwan ɗorawa, jini ya yi ƙasa, kuma a ƙasar nan, musamman da damina, kaska ce babbar abar zargi. Ki leƙa cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, nan suke maƙalewa. Sannan ki auna ruwan da yake sha daga safiya zuwa wata safiyar da gorar lita ɗaya. Kare mai kilo 30 da ke shanye fiye da lita 3 a yini, ba zafin gari kaɗai ke damunsa ba. Kada ki rage masa ruwan don ya daina yawan fitsari. Idan ƙoda ce, ruwan nan ne ke riƙe da shi.

Idan cutar kaska ce, ki gode wa Allah, domin tana warkewa ko da kare ya tsufa. Wadda ake kira ehrlichiosis, doxycycline ake bayarwa na kwana 28, kuma ba ya cikin magunguna masu tsada. Abin da ke mayar da mutane asibiti shi ne dainawa bayan mako ɗaya don an ga kare ya fara cin abinci. Sai kuma ɗakinsa. Kaskar kare a tsagar bango da ƙarƙashin katako take ƙwai, dubbai a lokaci guda, don haka wanke kare a bar ɗakin aikin banza ne. A yi feshi da maganin da likita ya rubuta, a liƙe tsagogin da siminti. Kada a shafa masa fiya-fiya ko baƙin mai. Na ga karnukan da aka kawo suna dalalar miyau suna karkarwa saboda wannan.

Idan gaɓɓai ne kawai, ba ya warkewa amma ana zama da shi shekaru. Akwai magungunan rage zafi da likitoci ke ba karnuka, kamar meloxicam da carprofen, sai dai ba a fara su sai an tabbatar ƙoda lafiya, kin ga amfanin gwajin nan ke nan. Sauran kuwa ba ya cin kuɗi: a ɗauke shi daga kan siminti a shimfiɗa masa tsohuwar katifa ko buhuna, a kare shi daga sanyin hunturu, a kwance masa sarƙa ya riƙa ɗan zagaya gida safe da yamma. A daina ba shi ragowar abinci mai albasa, domin albasa na fasa ƙwayoyin jinin kare.

Ƙodar ce nake fargaba. Kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna matsala, galibi kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya riga ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ana iya sassauta masa da ƙarin ruwa, da maganin amai, da abinci mai ƙarancin gishiri da ƙashi, ya samu watanni cikin daɗin rai. Amma a nan ne na ga iyalai suna sayar da kadara suna bin ƙarin ruwa bayan ƙarin ruwa, kare na wahala su ma suna wahala. Hajiya, ba wajibi ba ne a kanki ki ci bashi saboda wannan, kuma wanda ya ce kin gaza bai yi miki adalci ba. Ki tambayi likita kai tsaye: wannan kuɗin warkewa zai saya, ko kwanaki? Haƙƙinki ne ki ji amsa.

Game da inda za ki je, Zariya ba ta da nisa da ke, wajen kilomita 80 ne. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana da sashen ƙananan dabbobi da ɗakin gwaji a wuri guda, kuma asibitocin koyarwa da na gwamnatin jiha sukan fi na kuɗi sauƙi, sai dai a yi haƙuri da jira. Masu karatu na wajen Sakkwato da Maiduguri su ma jami'o'insu na da irinsa. Duk wanda zai taɓa miki dabba, ki tabbata likita ne mai rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya.

Maganar 'ya'yanki kuwa, ki gaya musu na ce a'a. Karen da ya shekara 11 ana zuba masa abinci a kwano bai iya neman na kansa ba, balle da ƙafafun da ke rawa. Yunwa da ƙishirwa da jifan yara ne za su kashe shi a hankali, ko ya yi ta jan jiki yana neman hanyar gida. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kowa a gidanku ya san shi. Idan ranar ta zo da ya daina ci, ba ya iya tashi ya yi bahaya, yana nishi dare da rana, akwai allurar da likita ke yi: a fara sa shi barci, sannan a ba shi wadda za ta tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci ba tare da ya ji komai ba. Ki tuntuɓi malaminki idan zuciyarki na ɗar-ɗar da hukuncin hakan. Gubar ɓera dai ko kusa, azaba ce tsantsa. Amma daga abin da kika rubuto, ban ga mun kai nan ba tukuna. Je ki a ɗibi jinin.

TAMBAYA

Likita, ni mafarauci ne. Karyata mai shekara 9, wadda ta haifa mini yawancin karnukan da nake fita da su, ta daina cin abinci, cikinta ya ɗan kumbura, wani ruwa mai wari yana fita ta gabanta. Wata guda ke nan da ta gama neman maza. An ce tiyata za a yi, kuɗin kuwa ya kai na tunkiya. Babu allurar da za ta wadatar?

Daga wani mafarauci, Birnin Kudu

AMSA

Malam, ka ajiye mujallar nan ka tafi da ita asibiti yau. Alamomin da ka faɗa na mugunya ce ta taru a mahaifa, ciwon da ke kama tsofaffin karnuka mata makonni kaɗan bayan sun gama neman maza. Da sauƙi tunda ruwan yana fita. Wadda bakin mahaifarta ya rufe, mugunyar a ciki take taruwa har ta fashe. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ita kaɗai takan lafar da abin na ɗan lokaci, ka kashe kuɗi, sannan ya dawo da ƙarfinsa, lokacin kuma gubar ta taɓa ƙoda, tiyatar ta ƙara tsada da haɗari. Cire mahaifar shi ne maganin, kuma yawancin waɗanda aka yi wa da wuri suna tashi garau. Ba za ta ƙara haihuwa ba, amma a shekara 9 dama ta yi maka iya yinta, kuma hancinta da sanin dajinta suna nan, ƙananan za su ci gaba da koyo a bayanta. Ka roƙi likitan ya karɓi rabi yanzu, rabi bayan girbi. Da yawa cikinmu muna yarda idan mutum ya zo da gaskiyarsa. Idan an kwantar da ita, ka ce a lalluba nonuwanta, domin ƙari a nono ya zama ruwan dare a wannan shekarun, kusan rabinsu kuma na daji ne.

TAMBAYA

Karena ya tsufa, ko ƙofar gida ba ya fita. Tunda kuɗi sun yi wuya, zan iya daina yi masa allurar haukan kare?

Daga wani mai karatu, Jos

AMSA

Ka rage ko'ina ban da nan, ɗan'uwa. Shi ba ya fita, amma wani karen na iya shigowa, kuma tsohon kare mai ciwon jiki ya fi saurin kai cizo idan yaro ya taka shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tsira. Allurar karenka ta shekara ba ta kai ko kusa da kuɗin jerin alluran da za a yi wa wanda ya ciza ba. Ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa nan kusa da kai a Vom, inda ake sarrafa allurar tun da daɗewa. Ka kuma sa kunne wajen 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya, domin a wurare da dama likitocin dabbobi kan yi allurar kyauta a makon. Ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata da sa hannun likita, ka adana ta inda za ka same ta da sauri.