Na kai shekara 45, komai ya zauna amma zuciyata fayau, me ke damuna?

Yaya, ka ce kana da aiki, gida, yara sun tasa, amma in ka dawo sai ka zauna cikin mota a ƙofar gida ka kasa shiga, kana tambayar kanka duk wannan wahalar ta mece ce. Wallahi ba kai kaɗai ba ne, kuma ba butulci ga Allah ba ne.

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, shi kansa ya faɗa cikin irin wannan ruɗanin bayan ya raba gari da Sigmund Freud, shahararren likitan da suka yi aiki tare, a 1913, yana da shekara 38. Daga baya ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na masu zuwa wurinsa ba wata cuta takamaimai gare su ba, rayuwar ce kawai ta daina musu ma'ana. A ganinsa rabin farko na rayuwa neman suna ne da kuɗi da iyali, a hanya mutum yana danne wasu ɓangarorin kansa don ya dace da jama'a, to su ne ke ƙwanƙwasa ƙofa yanzu, wani sa'in ma ta mafarki suke zuwa.

Ka ajiye littafi kusa da gado, kana farkawa ka rubuta mafarkinka kafin ka taɓa waya. Ka tuna me ka bari saboda neman abinci, karatu ne, noma ne, zane ne?

Amma in barci da cin abinci sun lalace fiye da sati biyu, don Allah ka je asibiti ka ga likita.