Hajiya, ku bi jini ɗaya daga ƙasa har sama

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce 'yarki tana shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, an ba su matakan tsarin jiki: ƙwayar halitta, tisu, gaɓa, rukunin gaɓoɓi, sai cikakken mai rai. Ta haddace tsaf, amma da an juya mata tambayar sai ta rikice. Ni aikin awon jini nake yi a nan Garwa ta Kamaru, na daɗe idona yana bakin mikroskop. Shawarata ku ajiye haddar tukuna, ku ɗauki abu guda ku bi shi mataki mataki. Zan ɗauki jini, tunda shi na fi sani.

Idan na shafa ɗigon jini a gilashi na duba, abin da ke cika ido shi ne jajayen ƙwayoyi, zagayayyu, tsakiyarsu a loɓe. Ƙanƙantarsu ta kai a jera fiye da 100 cikin tsawon milimita ɗaya. A ɓargo ake ƙera su, su yi kwana kusan 120 suna aiki, sannan saifa ta tsince waɗanda suka tsufa. Cike suke da sinadarin hemoglobin, wanda ke ɗauko iskar oksijin daga huhu. Kowace ɗaya ƙwayar halitta ce. Tun 1665 Robert Hooke na Ingila ya hango irin waɗannan 'yan ɗakuna a ɓawon itace, a 1838 da 1839 kuma Schleiden da Schwann na Jamus suka bayyana cewa tsiro da dabba duk da ƙwayoyi aka gina su.

Ƙwayoyi masu aiki iri ɗaya idan suka haɗu sun zama tisu. Ki faɗa mata jini kansa tisu ne, domin yara da yawa suna ɗauka sai abu mai tauri. Manyan iri huɗu ne: mai lulluɓe jiki da cikin hanji, mai haɗawa da tallafawa irin ƙashi da kitse da jini, sai tsoka, sai jijiyoyin saƙo. Gaɓa kuwa ita ce inda tisu daban-daban suka taru kan aiki ɗaya.

A nan ina roƙonki ki tura a sayo zuciyar rago wurin mahauci, a ce kada ya yanyanka ta. Ku tsaga da wuƙa a gida. Za ta ga ɗakuna huɗu, ta taɓa tantanin da ya lulluɓe ciki mai santsi, ta ga bangon hagu ya fi na dama kauri sosai. Ki tambaye ta dalili. Na dama huhu kaɗai yake tura wa jini, ga shi nan kusa. Na hagu har tafin ƙafa. Ƙwayar tsokar zuciya tana motsi da kanta, amma ita kaɗai ba za ta iya tura ko ɗigo ba. Kowane mataki yana yin abin da na ƙasa da shi bai iya ba, kuma wannan ne ake so ɗalibi ya gane. Zuciya da jijiyoyin jini da jinin kansa su ne rukuni ɗaya, wanda ba ya rayuwa sai huhu ya ba shi iska, hanji ya ba shi abinci, ƙoda ta tace shi.

Inda na fi ganin sarƙar nan ƙarara shi ne ciwon sikila, amosanin jini. A gwajin Emmel muna hana jinin iska, sai ka ga ƙwayoyin suna lanƙwashewa kamar lauje a gaban idonka. Asalin abin ɗan canji ne guda ɗaya tal a ginin hemoglobin, wanda Vernon Ingram ya gano a 1956. Daga nan sai ƙwayar ta yi tauri, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120, jini ya yi ƙaranci. Ƙananan jijiyoyin da ƙwayoyi ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya su toshe, naman da ke gaba ya rasa iska. Saifa ta lalace tun yaro yana ƙarami, ido ya yi rawaya saboda yawan ƙwayoyin da ke fashewa. Ƙarshe ga yaro kwance yana kukan ƙashi, musamman lokacin hunturu. Wallahi abin yana taɓa min zuciya idan aka kawo irin yaran nan bayan an daɗe ana cewa iska ce ko maita. Shi ya sa ba na gajiya da cewa a yi gwaji kafin aure: idan miji da mata duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon kansa.

Akwai tarkon da masu jarrabawa ke so: ba kowane mai rai ne ke hawa matakan duka ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda Laveran ya fara gani a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, ƙwaya ɗaya ce, kuma ita ce dukan halittar. Ba tisu, ba gaɓa. Tsiro kuma yana da nasa gaɓoɓin, wato saiwa da kara da ganye da fure.

Idan makarantarsu tana da mikroskop, ta roƙi malamin SVT, wato darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ya nuna musu siririn tantanin cikin albasa da ɗigon aidin. Ƙwayoyin suna fitowa a jere, kowace da bangonta da cibiyarta. Jan ƙwayar jinin mutum kuwa ba ta da bango, kuma ba ta da cibiya bayan ta gama girma. Ta zana abin da ta gani da hannunta, ta rubuta sunayen da Faransanci yadda za a tambaye ta. Allah ya ba ta sa'a.